Ƙugiyar Malam Tasi'u

Yaran yanzu in sun shigo shago sun tarar da ni gaban kwamfuta da tsinken tsintsiya a hannu, sai su riƙa zungurar juna suna danne dariya. Wata ƙawar 'yata Khadija ta taɓa ce mini, "Umma, wai aikin ke nan? Ki goge harafi ɗaya ki sa wani? Ai ko ƙanina na firamare zai yi." Na ce mata, haka ne 'yata, gogewa kowa ma zai goge, sanin wanda za a goge shi ne abincin. To tun da abin ya zama na dariya, bari in faɗa muku yadda yake, ku yi dariyarku da dalili.

Ni ban shiga aji ba sai da na haifi 'ya'ya uku. Yaƙi da jahilci na yi, a wani zaure kusa da Ƙofar Mazugal, bayan la'asar, mu matan unguwa, wata da goyo wata da ƙullin gyaɗar sayarwa. Malamarmu, Malama Ladi, Allah ya jiƙanta, mace ce mai haƙuri a kan komai ban da abu guda, wato ƙugiya, 'yar lanƙwasar nan da ake yi wa k da d da b su koma ƙ da ɗ da ɓ. Wata rana ta ce kowacce ta fito allo ta rubuta magana ɗaya a kan gidansu. Na fito na ɗauki alli da niyyar in ce maigidana mutum ne mai baƙi da yawa, don zaurenmu ba ya rabuwa da mutane. Sai na manta ƙugiyar. Malama Ladi ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi: "Mijina mai baki ne da yawa." Ta juyo ta ce, "Hajara, mun ji. Allah ya ba ki haƙurin zama da shi." Aji ya ɗauka. Kafin magariba labarin ya riga ni isa gida. Maigidan ya yi kwana biyu da hannu yake nuna mini abin da yake so, wai tun da an kai ƙararsa makaranta ya rufe bakin. Daga ranar ban sake yar da ƙugiya ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na karɓi takardar gamawa, wata maƙwabciya ta kai ni wurin Alhaji Sabi'u, mai shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kin iya taifin?" Na ce, "Ban iya ba, Alhaji, amma ba na gaggawa." Ya ce masu gaggawar su suka cinye masa takarda, in zauna. Da yatsa biyu na fara kamar kaza tana tsintar tsaba, kuma har yau da yatsa biyun nake, sai dai kazar ta ɗan yi sauri. Katin biki na buga, takardar neman aiki na buga, har da wasiƙar wani dattijo da yake ƙorafi a kan akuyar maƙwabcinsa. Da na lura kibod ɗin ba shi da haruffanmu, na ce wa Alhaji ni ba zan buga Hausa tsirara ba. Ya kira mai gyara mana injina, Injiniya Kabiru, ya saka mini su. In na danne wani maɓalli na haɗa da d, sai ɗ ya fito, haka sauran.

Shagon a kan hanyar ɗalibai yake. Masu karatun kwamfuta da yawa a lokacin ba su da tasu, sai su rubuto aikinsu da biro a takarda, kod suke ce masa, su kawo in buga musu, a gwada a injinmu. A cikin injin akwai wani abu da suke kira kwamfaila. Ni dai tafinta na ɗauke shi: mutum ya rubuta abin da yake so, shi kuma ya juya wa inji a yaren da inji yake ji. Amma tafinta ne irin maigadin nan da ya san ka tun kana yawo ba wando, duk da haka ba za ka wuce ba sai ka nuna kati. Ko ya gane abin da kake nufi, ba zai motsa ba sai ka faɗa daidai, harafi da harafi.

A saman kowane aiki akwai layuka da suke farawa da wata alama, sanda biyu a tsaye biyu a kwance. Ɗalibai hash suke ce mata. Ni da na gan ta tsani na gani, na ce tsani, sunan kuwa ya bi ni, har yau Maman Tsani ake kirana daga nan har Ƙofar Ruwa. Layin tsani ba shi ne aikin ba, sallahu ne ake ba tafinta kafin ya fara. In an rubuta include, an ce masa ɗauko mini wancan kundi ka haɗa da wannan. In an rubuta define, an ce duk inda ka ga wannan suna ga abin da yake nufi. In an rubuta endif, an ce ƙofar da muka buɗe a sama, nan ta rufe. Kalmomin ba su da yawa, kuma ya haddace su. In ka ba shi wadda ba ta cikin haddarsa, sai ya tsaya cik, ya fito da jan rubutu: inbalid dairektif. Ma'ana wannan sallahun bai san shi ba.

Ranar da na fara ganin jan rubutun, wani ɗalibi dogo ne ya kawo aiki. Ya dafe kai yana cewa, "Inbalid! Inbalid kuma!" Alhaji, da yake ya yi Larabci a zaure, ya taso daga kujerarsa ya leƙa.

"Me ya ce maka?"

"Inbalid, Alhaji."

"Balidi?" Alhaji ya kama haɓa. "Kai, ɗan nan, balidi da Larabci ai daƙiƙi ke nan. Injin nan zaginka yake. Me ka yi masa?"

Dogon ya rantse bai yi masa komai ba. Suna cikin haka na sa yatsa a gilashin kwamfutar ina bi a hankali, yadda Malama Ladi ta koya mana, ina furtawa ƙasa-ƙasa. Da ma Injiniya ya taɓa rubuta mini kalmomin tsani a bayan kalanda. Na dubi kalanda, na dubi gilashi. Na ce, "Ɗana, u ɗinka ya riga l shiga layi." Inculde ya rubuta, ni kuma na buga masa yadda ya rubuta. Muka mayar da kowa wurinsa, jan rubutu ya ɓace. Ya daɗe yana kallona kamar na fito da tsabar kuɗi daga kunnensa. Ya ce sau goma ya karanta layin. Na ce shi ya sa. Mai ilimi kalma yake karantawa, idonsa ya hango farkonta ya hango ƙarshenta ya cike tsakiyar da kansa. Ni kuwa da na zo karatu a makare, harafi nake karantawa, ba na tsallake kowa.

Koyon sauran a tsaitsaye na yi shi, a hannun Injiniya Kabiru, duk ranar da ya zo hure ƙura. Yaro ne mai kirki, sai dai yana ji da kansa, ko a rana ba ya cire kwat. Shi ya nuna mini cewa lambar da take gaban jan rubutu lambar layi ce, in tafi can kai tsaye. Shi ya ce, "Mama, in kin ga kuskure arba'in sun jeru kar ki firgita. Na farkon ki duba, sauran 'ya'yansa ne." Gaskiya ne kuwa, in sallahun sama bai isa ba, duk abin da ke ƙasa marayu ne, kowa kuka yake. Kayan aikina kuma ba su wuce abin da kuke gani ba. Tsinken nan na naɗa masa auduga a baki don kar ya karce gilashi, yatsa yana barin maiƙo. Rula ina rufe layukan ƙasa da ita a takarda don ido ya daina leƙen gaba. Sai tabarau, sai kalandar nan da shekararta ta wuce tuntuni amma ban yarda a cire ta ba.

Na ga iri-iri. Akwai wadda ta rubuta endif da f biyu, na tambaye ta dalili, ta ce don ƙofar ta rufu da kyau. Akwai makon da mutum goma sha ɗaya 'yan aji ɗaya suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa da difine maimakon define, kowa yana rantsuwa shi ya yi aikinsa da kansa. Da na goma sha biyu ya zo na ga rubutunsa duk gogewa da gyara, na ce, "Kai ne mai rijiyar ko? Gobe ka tace ruwan, gari guda ka shayar." Wasu kuma ko sun ga kuskuren da idonsu sai su ce injin ne bai waye ba. Waɗannan ba a musu da su. Sai ka ce, "Haka ne, amma bari mu bi shi a hankali tun da tsoho ne."

Sai shekarar da makarantu suka daɗe a rufe ta zo. Wata ya bi wata, ba ɗalibi ko ɗaya. Hanyar da a da sai ka yi kafaɗa da mutane, ta koma ta awaki. Katin biki ma mutane sun koma turawa a waya. Alhaji ya sayar da kwamfuta biyu cikin ukun da muke da su, ya shigo da wata ƙatuwar firiza fara, ya ajiye ta a kusurwa tana fuskantar kujerata. Sai gurnani take yi. Wurin da take kuwa bai ishe ta ba, murfinta ba ya buɗuwa sosai sai an ɗauke teburina. Kullum da safe in na shigo sai in ga kamar ta matso.

Da aka buɗe makarantu, Alhaji ya zaunar da ni. Ya ce, "Maman Khadija, ba zan ɓoye miki ba. Yaran nan yanzu rabinsu da kwamfutarsu a jaka. Zan ba wannan teburin mako guda. In ɗalibai sun dawo, to. In ba su dawo ba, firiza za ta zauna a nan, mu koma kunun aya da zoɓo." Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. A raina kuwa na ce, ya Allah, in da hali kar ka zaɓi firiza.

Kwana shida ba wanda ya leƙo sai mai neman hoton fasfo. Rana ta bakwai da hantsi sai ga wani mutum ya yi sallama, babbar riga, hula zanna, takardu a cikin leda. Malam Tasi'u ke nan, malamin firamare ne da ya koma karatu da furfurarsa, kuma shi ne shugaban ajinsu. Ya ce tasa kwamfutar ta mutu jiya, ga shi ƙarfe biyu zai tsaya gaban malamai ya nuna aikinsa na ƙarshe. Allah ya sa yana da shi a rubuce. Ya ce, "Hajiya, an ce mini ke ce Maman Tsani. In kin fitar da ni yau, ajinmu mutum sittin ne, kuma abin da na ce shi suke yi." Alhaji ya miƙe ya ba shi kujerarsa. Ni kuwa na saci kallon firiza.

Da na buɗe takardun sai da na yi salati. Ban taɓa ganin rubutu mai kyau haka ba, musamman layukan sama, kamar a rataye a bango. Kuma ga abin da ya faranta mini rai: a layin farko, d ɗin cikin include yana da 'yar lanƙwasa a ka, tsaf, ta karkato. Haka na define. Na ce a raina, ashe! Ashe da ma akwai ƙugiya a nan, yaran nan ne suke yar da ita kamar yadda suka saba a saƙon waya, tafinta kuma yana haƙuri da su kamar yadda nake haƙuri. Yau ga malami ya zo da abin a cike. Na ƙara ganin girman mutumin. Na danne maɓallina, na buga kowace ƙugiya inda take, ban bar ko ɗaya ba.

Sha ɗaya da rabi na gama. Malam Tasi'u ya yi bismilla ya danna maɓallin gwaji. Jan rubutu ya zubo kamar an kwance buhu, kuskure arba'in da wani abu. Na ce kar ya damu, 'ya'ya ne. Na farkon kuwa a layi na ɗaya yake: inbalid dairektif. A gabansa tafinta ya ƙara wata magana da Turanci, Malam Tasi'u ya fassara mana, wai, ko include kake nufi?

"Ai shi na rubuta!" in ji Malam Tasi'u. Ya sake dannawa. Ko include kake nufi?

"Shi nake nufi! Shi na rubuta! Kai kurma ne?"

"Bi shi a hankali, Malam," in ji Alhaji. "Ya saba zagin mutane, amma ba ya son a rama."

Na ɗauko tsinke da rula. Na bi takarda, na bi gilashi, harafi da harafi, sau uku. Babu bambanci ko na ƙwayar gero. Abin da ke takarda shi ne a gilashi. Ranar ce rana ta farko da tsinkena ya dawo hannu wofi. Kalandar ma ban duba ba, don a ganina kalanda rubutun Injiniya ne, shi kuwa ko sunan unguwar nan Dan Agundi yake rubutawa, ba ƙugiya.

Alhaji ya kira Injiniya a waya, ya zo a babur da kwat ɗinsa. Ya sunkuya ya dubi layin na ɗan lokaci ya ce, "Layin nan lafiyarsa ƙalau." Ya kashe inji ya kunna. Ya buɗe bayansa ya hure. Ya cire tafinta ya sake saka sabo, muna zaune muna kallon wani koren zare yana tafiya kamar hawainiya, agogo kuwa ba ya jiran kowa. Sabon tafinta ya buɗe ido, abin da ya fara cewa shi ne, ko include kake nufi?

Malam Tasi'u ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Injiniya, shekara uku ina zuwa aji da yaran da na koya wa a, ba, ca. In na faɗi yau, da wane ido zan dube su?"

"Wataƙila wani ɓoyayyen abu ne ya maƙale a layin," in ji Injiniya. "A goge shi gaba ɗaya a sake bugawa."

"To ga kibod," in ji Alhaji.

Injiniya ya gyara wuyan kwat. "Alhaji, ni ba taifis ba ne. Mama, bismilla."

Da a ce ya zauna ya buga da hannunsa, da labarin ya ƙare a nan. Amma girma ya hana. Na goge layin, na sake bugawa a natse, na danne maɓallina, na mayar da ƙugiyata inda take. Aka danna. Kun san abin da ya ce.

Nan fa Alhaji ya shiga ciki ya fito da kasko da turaren wuta. Ya ce shi tun da aka sayar da 'yan'uwan injin nan biyu ya lura ba ya cikin hayyacinsa. Ya zagaya shi da hayaƙi sau uku, Injiniya yana tari yana cewa hayaƙi yana ɓata inji, Alhaji yana cewa ai ɓatacce ba ya ɓaci. Mai hoton fasfo na jiya ya dawo karɓar hotonsa, ya tsaya ba da shawara, wai a juya injin ya kalli gabas. Aka kira azahar. Maza suka fita masallaci. A bakin ƙofa na ji Alhaji yana ce wa Injiniya, a hankali wai don kar in ji, in sun dawo ya taya shi ja da teburin nan.

Na yi sallata a bayan kantar shagon, na dawo na zauna. Daga ni sai firiza. Sai na tuna wata magana ta Malama Ladi: in kin duba amsarki sau uku ba ki ga kuskure ba, koma ki karanta tambayar. Duk wannan lokaci takarda nake gwadawa da gilashi, ban sa tsinke a kan maganar tafintan kansa ba, don Turanci ce, na bar wa masu Turanci. Na matso da tabarau. Ashe kalmar sau biyu ya rubuta ta, tawa da tasa, gefe da gefe. Na bi tawa. Na bi tasa. I, n, c, l, u. A harafi na shida tsinkena ya tsaya.

Da suka dawo na ce, "Alhaji, na gano matsalar."

Duk suka yo kaina.

"Tafintan ne bai iya rubutu ba. Ku duba, bawan Allah, ya yar da ƙugiya. Malam ya rubuta daidai, shi ne yake so a bi shi a kan kuskure."

Firiza ma kamar ta ɗauke numfashi.

"Wace ƙugiya?" in ji Malam Tasi'u.

Na nuna masa a takardarsa. Ya kai takardar kusa da hanci. Ya dubi gilashi. Injiniya ya ƙara girman rubutun har harafin ya kai tafin hannu, sai ga ta, ta karkato tana kallonmu.

"Innalillahi," in ji Malam Tasi'u. "Hajiya, wannan ba ƙugiya ba ce. Ado ne! Mahaifina mai zayyanar allo ne, a hannunsa na koyi riƙe alƙalami. Duk layukan farko sai na yi musu kwalliya, in hannu ya gaji in sake."

"Ado," na ce.

"Ado, wallahi."

"To Malam, ai ba a yi wa d ado a ka. Wurin mai shi ne."

Injiniya ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa yana dariya har da hawaye. "Mama, Turanci ba shi da ƙugiya! Ko ɗaya!"

Na ce, "Ko ɗaya? To da me suke rataye magana?"

Alhaji ya ce a bar wannan sai an jima, ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce. Suka tsaya a kaina su uku. Ku da kuke cewa goge harafi abu ne mai sauƙi, ku zo ku goge abin da aka yi muku dariya a kansa shekara da shekaru. Na ɗora yatsa a maɓalli, na ce a zuci, Malama Ladi ki yafe mini, gidan wasu ne, dokarsu ce. Na cire ta farko. Na bi layukan sama na tsince sauran, guda huɗu ne, na bar kowane d da kansa a aske. Malam Tasi'u ya danna.

Ba ja ko ɗigo. Uwar ta tafi, 'ya'ya arba'in sun bi ta.

Aikin nasa na haɗa makin 'yan firamare ne, ya fitar da na ɗaya har na ƙarshe. Amma kafin ya fara sai ya yi gaisuwa, don Malam Tasi'u ya sa masa 'yar maraba da Hausa saboda malaman da za su duba. Wannan layin a can ƙasa yake inda hannunsa ya gaji, ni kuma na buga shi ido na kan agogo. Ga abin da ya fito a gilashi, manya-manya: Barka da zuwa, manyan baki.

Malam Tasi'u ya riga ya miƙa hannu zai karɓi aikinsa. Na dafe kibod.

"Malam, ba za ka fita da wannan daga shagon nan ba."

"Hajiya, saura minti ashirin!"

"Malamai za ka tsaya gabansu ka ce musu manyan baki? Ni na san abin da wannan kalma take jawowa. Kwana biyu aka yi ba a yi mini magana ba."

"Mama, kar ki taɓa!" in ji Injiniya. "Yanzu muka fito daga rami!"

Na tambaye shi, maganar da take tsakanin 'yan alamun nan biyu masu kama da kunnen zomo, tafinta yana bincikenta? Ya sosa ƙeya ya ce a'a, wannan saƙo ne kawai, yadda aka ba shi haka yake miƙawa. Na ce to can gidansa, nan ɗakina. Na danne maɓallina, na sa wa k ƙugiyarsa. Alhaji ya rufe ido. Aka danna. Barka da zuwa, manyan baƙi. Ba ja.

Injiniya ne ya kai shi a babur, babbar riga tana tashi a baya. Bayan la'asar Malam Tasi'u ya dawo da ledar tsire. Ya ce ya ci jarrabawar, kuma wani dattijo cikin malaman bai tambaye shi komai a kan maki ba, sai yadda aka yi ƙ ya fito. Ya ce masa akwai wata uwa a Ɗan Agundi, ita take cirewa ita take sakawa. Washegari kafin in iso, mutum tara suna jirana a bakin shago, har da masu kwamfuta a jaka, don ita ma ta jaka tafintanta ba ya karɓar ado.

Firiza ba ta tafi ba. Alhaji ya sa aka fasa bango aka ƙara mata wuri, yanzu masu jiran layi su suke shanye kunun ayar. Mun saba da juna, har ruwana nake sakawa a cikinta. Na kuma ƙara layi ɗaya a bayan kalanda da jan biro: a kan tsani, ba ƙugiya. Duk wanda ya kawo mini rubutun hannu yanzu sai na tambaye shi, wannan harafi ne ko kwalliya?

Ita kuwa Khadija, mai ƙawar da ta ce aikin ba wuya, jiya ina shago ta turo mini saƙo a waya: "Umma ki dawo da wuri, muna da baki a gida." Na gyara tabarau, na sa yatsa biyu na amsa mata: "Na sani. Da shi na haife ku."